Mahal: Daren da Aka Haɗa da Fitila

'Yan uwana mata, akwai wata ƙanwata da in ta ga fim baƙi da fari sai ta taɓe baki ta ce wai na talauci ne. To ni dai ban yarda ba, kuma hujjata ita ce fim ɗin Indiya mai suna Mahal, wanda Kamal Amrohi ya shirya a shekarar 1949, Ashok Kumar da Madhubala suka fito a ciki.

Labarin wani saurayi ne da ya tare a wani tsohon gida, sai ya riƙa ganin wata budurwa cikin dare tana waƙa a kan lilo, in ya matso ta ɓace, ya tarar da lilon yana kaɗawa ba kowa. Wallahi duk sanda na zo wurin nan sai tsigar jikina ta tashi.

Ku sani, duhun da muke gani ba na banza ba ne. Fim ɗin da ake sa wa kyamara a wancan zamani ba ya kama hoto sai da haske mai ƙarfi, don haka shi kansa daren da fitilu ake haɗa shi. Mai ɗaukar hoton, wani Bajamushe Josef Wirsching, yakan haska gefen fuska ya bar sauran a inuwa. Tunda babu launi, jan zane da kore duk toka-toka suke fitowa, sai ya zama haske ne kaɗai ke raba mutum da bango. Abin da aka ɓoye mana shi ke tsorata mu, da an sa kala da asiri ya tonu.

Amma fa ina da ƙorafi. Saurayin nan ya auri wata baiwar Allah, Ranjana, ya yi watsi da ita saboda inuwar da yake bi, har baƙin ciki ya sa ta sha guba. Daga baya kuma ta bayyana budurwar daren ba fatalwa ba ce, 'yar mai kula da lambun gidan ce. Duk da haka mai kallo zai tashi da hoton budurwar a ransa, ya manta da matar aure, don ita aka ƙawata da haske. A ganina fim ɗin ya aikata laifin da jaruminsa ya aikata: ya fifita ta nesa a kan ta ɗaka. Mu da muka san zaman aure, mun san wannan ciwon.

Saboda haka ku kalle shi, ku yaba gwanintar, amma ku lura da wadda aka haska da wadda aka bari a duhu. Allah ya tsare mana gidajenmu, amin.