Wasa da Labari a Jinyar Firgicin Yara Masu Galahanga

A watan Yulin 1976 wasu mutum uku suka tare motar 'yan makaranta a garin Chowchilla na jihar Kalifoniya, suka kwashe yara 26 da direbansu, suka zuba su cikin tirelar da suka binne a ƙasa. Sai bayan kusan awa 16 suka haƙo hanya suka fito. Likitar ƙwaƙwalwar yara Lenore Terr ta bibiye su shekara da shekaru, ta lura cewa da yawansu suna ta maimaita wasan da ke kwaikwayon abin da ya same su, wasa ba fara'a, ba ƙarshe, ba ya kuma kawo musu sauƙi. Tun daga nan masu jinya suka riƙe wannan a matsayin alama: in yaro ya nace wa wasa ɗaya, akwai tabon firgici a zuciyarsa.

Jinya da wasa ta girmi wannan binciken. A 1929 Margaret Lowenfeld ta ajiye wa yara faifan yashi da ƙananan mutum-mutumi a asibitinta na Landan, ta bar su su gina duniyarsu. A 1947 Virginia Axline ta fitar da littafinta, inda ta ce a bar yaro ya ja ragama, babba ya bi shi a baya. Daga baya labari ya shigo. A hanyar KIDNET da masanan jami'ar Konstanz ta Jamus suka tsara wa yaran da yaƙi ya ɗaiɗaita, ana shimfiɗa igiya a ƙasa ta zama rayuwar yaron, ya jera furanni inda ya ji daɗi, duwatsu inda ya sha wuya, sannan ya ba da labarin daki-daki har abin ya koma tarihi, ya daina faɗo masa ba shiri.

Duk waɗannan an gina su ne a kan yaron da ke wasan kwaikwayo, wanda zai ɗauki 'yar tsana ya ce uwa ce, wanda in an tambaye shi me yake ji zai iya faɗa. To, ina yaro mai galahanga, wato autism?

Shi maimaici abincin ruhinsa ne. Zai jera motoci a layi kullum, ko ya yi ta nanata maganar wani zanen barkwanci, a nan yake samun natsuwa. Mai jinyar da ya haddace darasin Terr zai ga ciwo inda babu shi, ya shiga tonon abin da ba a binne ba. Kuskure na biyu ya fi muni, ya kuma fi yawa: yaro ya daina barci, ya fara cizon hannunsa, ya koma fitsarin kwance, kowa ya ce ai lalurarsa ce ta motsa, alhali wani ne ya ci zarafinsa. Nazarin da mujallar Lancet ta buga a 2012 ya nuna yara masu lalura sun ninka sauran sau 3.7 wajen fuskantar cin zarafi. Su ne suka fi shan wuya, su ne kuma aka fi kasa karantawa.

Kayan aikin ma suna iya zama azaba. Yashin Lowenfeld ɗin nan, akwai yaron da taɓa shi kaɗai ke tayar masa da tsigar jiki. Kusan rabin masu galahanga suna shan wahalar sa wa abin da ke ransu suna, don haka "yaya kake ji?" tambaya ce da ba ta da amsa a wajensu. Ka yi masa tatsuniyar kura da ɗan akuya da nufin ya gane kansa a ciki, shi kuwa hankalinsa na kan ko kura tana magana. Mai matsalar rashin natsuwa, wato ADHD, ba zai zauna minti hamsin a tabarma ba, labarinsa kuma a warwatse zai zo. Matashi kuwa, ka miƙa masa 'yar tsana ka ga raini. Gara ka same shi a Minecraft ko a zanen labari.

Wasu sun koma ga hanyoyin da aka ƙirƙiro domin waɗannan yaran: gajerun labaran zamantakewa da malama Carol Gray ta fara a farkon shekarun 1990, da wasan LEGO na Daniel LeGoff, inda yaro ɗaya ke karanta zane, ɗaya ya miƙo kaya, ɗaya ya gina. Suna da amfani, amma don koyar da mu'amala aka yi su. Wanda ya tallata su a matsayin maganin firgici ya wuce gona da iri.

A ganina abin da ya tsira daga wannan al'ada shi ne shawarar Axline, in aka ɗauke ta da gaske: a bi yaro, ko da wasansa bai yi kama da wasa ba. Abin lura shi ne canji. Layin motoci ba ya nuna komai. Ranar da motocin suka fara karo da juna, ko aka fara ɓoye ɗaya ƙarƙashin gado, ranar ce abin tambaya. Wannan kuwa sai wanda ya san yaron tun kafin abin ya faru.

Don haka masu aiki da yara a sansanonin gudun hijira na Borno da Zamfara, kafin ku buɗe akwatin kayan wasa, ku zauna da uwar yaron ku tambaye ta yadda yake wasa a da.