Ƙire a Kan Tsirkiya: Nazarin Jitar Jaz da Kiɗan Gurmi da Kuntigi

Manazarta waƙar baka suna kiran waƙar da aka ƙaga nan take a gaban jama'a da sunan ƙire. Sai dai akasarin nazarin ya tsaya ga baitoci, an bar hannun makaɗi a baya, alhali shi ma yana ƙirensa. Wannan maƙala za ta auna ƙiren masu kiɗan tsirkiya na ƙasar Hausa da na masu jitar jaz na farkon zamanin suwin, domin a gane abin da ke neman kuɓuce mana.

A shekarun 1930 jitar jaz ta fita daga matsayin 'yar rakiya. Django Reinhardt, wanda gobara ta nakasa masa yatsu biyu na hannun hagu a 1928, ya kafa ƙungiya da Stéphane Grappelli a Faransa a 1934. A Amurka kuwa, Charlie Christian ya shiga ƙungiyar Benny Goodman a 1939, ya rasu a 1942 yana da shekara 25. Dabarunsu uku ne suka fi fitowa fili. Ta farko ita ce riƙe gajeren zubi a riƙa maimaita shi, ana sauya masa wutsiya a kowane zagaye. Ta biyu ita ce jinkirta bugu kaɗan ko gabatar da shi, ta yadda kiɗan zai riƙa rangaji. Ta uku ita ce barin gurbi, wato makaɗi ya yi shiru domin abokin kiɗa ya amsa.

Duk wanda ya saurari Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, zai ji waɗannan dabaru a kan tsirkiya ɗaya tak. Kuntigi ba shi da yalwar sauti irin ta jita mai tsirkiya shida, don haka gwanintarsa ta koma ga sarrafa lokaci. Zubin yakan zauna daram a ƙarƙashin murya, da zarar baiti ya ƙare sai tsirkiya ta karɓe, ta yi aikin 'yan amshin da ba shi da su. Haka gurmin Haruna Uji na Haɗeja yake yi, sai dai shi ya fi sakin hannu tsakanin baitoci. Kamar yadda ƙarancin yatsu ya tilasta wa Reinhardt neman sabuwar hanya, haka ƙarancin tsirkiya ya yi wa waɗannan makaɗa.

Amma kamannin yana da iyaka. Mai jitar jaz yana gina ƙirensa ne a kan jerin haɗaɗɗun sautuka da ke sauyawa, yana iya nisa da asalin karin waƙar har ya dawo. Makaɗin Hausa kuwa harshe ne ke riƙe da linzaminsa. Hausa tana da karin sauti na sama da na ƙasa da mai faɗuwa, ga dogon wasali da gajere, kuma mai sauraro yana jin kalmomi a cikin kiɗa ko da ba a furta su ba. A nan jaz ya fi faɗin fage, gurmi kuma ya fi kusanci da ma'ana.

Matsalar ita ce wannan fasaha ba ta rayuwa sai a gaban jama'a. Tun da fiyano ya mamaye ɗakunan ɗaukar waƙa na Kano a shekarun 1990, zubi ya zama abin da na'ura ke maimaitawa ba sauyi. A bukukuwan Gwarzo da Kabo a yau, mai lasifika ake kira fiye da makaɗi, na'ura kuma ba ta ganin shigowar dangin ango balle ta sauya musu kiɗa. Yaron da bai taɓa ganin hannu yana amsa wa taro ba, ina zai koyi ƙire?

Masu jaz sun adana nasu ta hanyar rubuta kiɗan Christian da Reinhardt sauti bayan sauti, ɗalibai suna haddacewa. Ya kamata sassan Hausa na jami'o'inmu, irin su Bayero da Ahmadu Bello, su yi wa faya-fayen gurmi da kuntigi irin wannan hidima, su kuma nemi sauran makaɗan karkara su ɗauki hannunsu a bidiyo tun suna raye.