Ribitin da ba ya riƙe komai

Wata al'ada ta shigo cikin masu haɗa sulken roba na kwaikwayon jaruman finafinai, kuma ni ba ta kwanta mini a rai ba. Mutum zai sayi ribiti na gaske, ya sa filaya ya datse masa ƙafafu, ya ɗiga gam, ya manna kan a jikin sulken, sannan ya bi shi da farin fenti. Daga nesa ka rantse an huda an ɗaure. Ka leƙa ta ciki, babu rami, babu washa, babu abin da yake riƙe da shi. Masu firintar 3D ma sun yanke wahalar gaba ɗaya, domin kan ribitin yana cikin zanen tun a kwamfuta, tare yake fitowa da farantin.

Inda abin ya fi fitowa fili shi ne a farin sulken sojojin Stormtrooper na fim ɗin Star Wars, wanda aka fara nunawa a 1977. A 1976 aka ƙera na asalin a Ingila, a ma'aikatar Andrew Ainsworth, bisa zanen Ralph McQuarrie. Ana gasa fallen roba har ya yi laushi, a kifa shi a kan siffar da aka sassaƙa, a zuƙe iskar da ke ƙasa, sai robar ta lafe ta ɗauki kamannin siffar. Kuɗi kaɗan ne, lokaci a ƙure, saboda haka aka haɗa gutsattsarin da abin da ke kusa da hannu: lastik, maɓallan dannawa, da ribiti mai araha. Wanda ya tsayar da fim ɗin ya ƙura ido zai ga har da farin salatif da aka riƙa ɗaure inda ya ɓalle. John Mollo, mai kula da tufafin fim ɗin, ya ci kyautar Oscar a 1978 da irin waɗannan kaya.

Shekara 20 bayan fitowar fim ɗin, a 1997, Albin Johnson ya kafa ƙungiyar 501st Legion a jihar Karolina ta Kudu a Amurka, kuma yau tana da rassa a ƙasashe da dama. Ba a shiga sai an duba kayanka, kuma akwai ƙa'ida a rubuce kan kowane sashe. Ga mai neman matakin ƙoli a sulken Stormtrooper, ƙa'idar ta kai har ga ribiti: uku a gefen hagu na farantin ciki, uku a na baya, faɗin kan kowanne kimanin milimita 8, nisansa da baki kimanin milimita 10, a fente shi fari. Ba ni da ja da wannan ƙwaƙƙwafi, shi ya sa aikinsu ya yi suna. Amma da hotuna ake tantancewar, a wasu wuraren ma ƙa'idar ta ce ba dole ba ne ribitin ya riƙe wani abu. Ta wannan kafa ribitin ado ya shigo ya zauna.

To me waɗannan shida na hagu suke yi a sulken asali? Lastik suke riƙe da shi. Su suka haɗa gaba da baya, sulken ya riƙa buɗewa ta dama kamar ƙyauren ƙofa, ɗan wasa ya shiga a rufe da maɓalli. Ba wanda ya zauna a 1976 ya ce ɗigo shida za su ƙawata kwiɓin soja. Aiki ne ya ajiye su a wurin, tazararsu da girmansu duk daga aikin suka fito. Wanda ya kwafi ɗigon ya bar aikin, fuskar abin kawai ya ɗauko, ko da kuwa ya ci jarrabawar hoto.

Na san abin da ke korar mutane daga huda: tsoro. Kayan haɗin sulke ɗaya yana cin ɗaruruwan daloli, kaurin robar ABS da ake yin sa da ita yawanci kimanin milimita 2 ne, kuma wajen gashi tana ƙara sirancewa a lunguna da bakin faranti, daidai inda ake son sa ribitin. Kowa ya taɓa ganin hoton farantin da tsaga ta taso daga rami ta nufi baki. Tsoron yana da dalili. Sai dai in ka bi tsagar zuwa tushenta, mafi yawa za ka tarar an sa ribitin da bai dace da wurin ba, ko an huda da gaggawa.

Babban mai laifin shi ne ribitin bindiga, wanda ake kira pop. Kamfanin George Tucker Eyelet na Birmingham ne ya fito da shi a shekarun 1930 domin haɗa fallayen ƙarfe, musamman na jiragen sama, inda hannu ba ya kaiwa ta baya. Bindigar tana jan wata tsinkiya da ke tsakiyarsa, gindinsa ya kumbura, tsinkiyar ta karye. A ƙarfe wannan kumburin shi ne riƙon. A roba kuwa, kumburin yana faruwa ne a cikin ramin, yana tura bangonsa ta kowane gefe, kuma bindigar ba ta san ta tsaya ba sai tsinkiya ta karye. In ya zama dole a yi amfani da shi, a zaɓi na alminiyum, a bar na baƙin ƙarfe, domin na alminiyum ya fi saurin sakin tsinkiyarsa. Na milimita 3.2 ya isa yawancin aiki. Sannan a sa washa ta baya, gindin ya kumbura a kan washar maimakon cikin robar. Cire shi ma wata fitina ce: kana sa masa injin huda sai ya fara juyawa tare da bakin injin, ya yi zafi, ya narka ramin ya faɗaɗa shi. Ga kuma ɗan ramin da yake bari a tsakiyar kansa, wanda shi ya sa ba a karɓar sa a wurare irin su jakar harsasai ta cinya a matakin ƙoli.

Wanda na fi so, kuma shi aka sa a kwiɓin sulken asali, shi ne mai tsagaggen gindi. Kansa a dunƙule, ƙafafunsa biyu. Ka zura shi ta roba, ta lastik, ta washa, ka sa bakin sukundireba tsakanin ƙafafun ka ware su, ka kwantar da su da guduma a hankali, kan yana zaune a kan katako da aka shimfiɗa wa tsumma. Daɗinsa shi ne hannunka ke yanke yawan matsin. Kana jin lokacin da ya kama, sai ka tsaya. In ka bar masa ɗan sarari, faranti zai iya juyawa kaɗan idan mai sanye da shi ya sunkuya, robar ba ta sha wahala ba.

Akwai na masu aikin fata, mai sanda da hula, wanda ake bugawa da guduma. Shi kuma tsawon sandarsa ne komai. Ta wuce kaurin abin da za a haɗa da kamar milimita 2 zuwa 3. In ta gaza, hular ba za ta kama ba. In ta zarce, sai ta lanƙwashe gefe, kan ya zauna a karkace. Akwai kuma noti mai mace da namiji da ake kira na Chicago, wanda ya dace da inda za a riƙa kwancewa, amma tafiya tana sassauta shi. Kada a ɗiga masa ruwan kulle noti na makanikai, wannan ruwan yana cin ABS ya tsattsaga ta. Ɗigon farin gam na kafintoci ya wadatar.

Hudar kanta ba ta da wani sirri sai haƙuri. A manna salatif na takarda, a yi alama da fensir, a tokara katako ta baya, a fara da ƙaramin baki, a bar injin ya tafi a hankali don kada ya narka robar ko ya fizge ta. Ramin ya ɗara jikin ribitin da ɗan kaɗan, a kankare bakinsa ya yi sumul, domin tsaga daga kaifin baki take farawa. Inda robar ta yi siriri, a manna guntun ABS ta ciki kafin a huda. Ragowar da aka yanke wajen gyaran baki ba shara ba ce, a kanta ake koyon hannu, kuma in aka jiƙa ta a asiton tana zama kunun da ake cike ramin da aka yi a kuskure.

Ba cewa nake gam ba shi da wuri ba. Sassan hannu da na ƙafa da gam ake haɗa su, kuma gam ɗin E6000 da yawancin masu haɗa sulken suke amfani da shi yana da kirki, domin ba ya bushewa ƙamas, ana iya ɓare shi a sake. Masu aiki da soson EVA kuwa ba ni da ta cewa a kansu. Soso ba ya riƙe ƙarfe, yagewa yake yi, don haka idan suka manna idanun 'yar tsana na roba suka fente su ya zama kan ribiti, dabara ce mai kyau da kayan aikin ya tilasta. Na firintar 3D ma yana da uzurinsa, tunda zubi-zubi yake hawa, matsi kuma yana raba shi ta layin zubin. Amma maganin wannan shi ne a ƙara kauri a wurin tun a zane, a bar ramin a shirye. Ƙorafina yana kan wanda ke da ABS mai kyau a hannu, wurin kuma wurin ɗaukar nauyi ne, ya manna ado a waje ya jingina nauyin a kan Velcro mai gam a baya.

Domin sulken nan sa shi ake yi, a yi tafiya da shi. A ranar 1 ga Janairun 2007, 'yan ƙungiyar kimanin 200 suka yi maci a faretin Rose na Pasadena a Kalifoniya, shekarar da George Lucas, wanda ya ƙirƙiri Star Wars, ya jagoranci faretin, hanyar kuwa ta kusa kilomita 9. An gayyaci wasunsu da nasu sulken suka fito a shirin The Mandalorian na 2019. Mafi yawan fitarsu ma ba ta kai wannan suna ba: tara kuɗin agaji, da ziyarar yara marasa lafiya a asibiti. A irin wannan wuri mutum yana awanni cikin zufa, yana durƙusawa ya gaisa da yaro, yana miƙewa. Zafi da gumi suna sassauta gam ɗin bayan Velcro, sufagulu kuma ƙamas yake, lanƙwasa kaɗan ya saki. In ribiti mai tsagaggen gindi ya ba da matsala, a ɗakin canza kaya za ka miƙe ƙafafunsa, ka zare, ka sa wani cikin 'yan mintuna. E6000 yana son a ƙalla awa 24 kafin ya kama sosai. Wanda nasa ya ɓalle da safe, fitar ranar ta wuce shi.

Maƙeran sulken zobe na da, irin wanda muke gani jikin 'yan sulke a hawan sallah, sun san wannan tun tuni a Turai da ƙasashen Musulmi: mai kyan shi ne wanda aka huda bakin zoben aka kulle da ɗan mitsitsin ribiti, wanda aka haɗa baki kawai kuwa buɗewa yake yi in ya sha ja. Daga nesa su ma duk ɗaya suke.

Ina kira ga masu rubuta ƙa'idojin nan da su ba ribitin da ke aiki daraja a matakan ƙoli, su nemi hoton ciki a duk inda na asali ya riƙe lastik. Kai kuma da ka buɗe kwalinka na farko kana tsoron injin huda, tattaro ragowar robar da ka yanke, ka huda, ka ɗaure, ka ja har ta tsage, ka ga inda ta tsage da abin da ya jawo. In hannunka ya faɗa, ka je ga farantin ka huda shi.