Suna Linzami Ne

Kai mai karatu, lura da sunayen da muke jifar mutane da su. A Ƙwanni, a Malbaza, a Illela, yaro ya yi kokawa a kasuwa a ce "bandi". Ɓarawon shanu ma "bandi". Kalmar Faransanci ce, ta yi wa kowa kuɗin goro.

Daga Nijeriya kuma mun aro "ɗan banga". Tushenta Ingilishi ne, "bangad", wato na sahun gaba. A shekarun 1950 haka ake kiran samarin jam'iyya masu dukan abokan hamayya. Yau mai gadin gari ma ɗan banga ne. To, wa ake nufi, mai tsaro ko mai duka?

Hausa ba ta rasa suna ba. Mai ƙiriniya daban, taƙadari daban, ɗan fashi daban. Na farko tsawa ta ishe shi, na ƙarshe sai jandarma da alƙali.

In ka kira ɗan maƙwabcinka "bandi" don ya kwana wurin kiɗa, ranar da aka sace akuya shi za a fara kamawa. Kira kowa da aikinsa.