Abin da Iyafis Ke Yi wa Kalangu

Akwai wata magana da na sha ji a bakin samarin Kuseri, wai waƙoƙin da ba sa daɗin ji a waya. Su Shata suke nufi, da Ɗanƙwairo da Ɗanmaraya. Sai su ce sautin a bushe yake, kamar ana dukan gwangwani. Ni kuwa rabin laifin ina ɗora shi ne a kan ɗan abin nan da muke cusawa a kunne, wato iyafis, wanda ya cika teburan masu kayan waya tun daga cikin kasuwa har bakin gadar Ngeli da ake haurawa Njamena.

Kowane kiɗa hawa uku gare shi. Akwai na ƙasa mai kauri, wannan dum-dum ɗin da ke dukan ƙirji, wanda ake ce wa bes. Akwai siririn na sama, irin na kacau-kacau. Sai na tsakiya, inda muryar ɗan Adam take zaune. Masu ƙera iyafis mai araha sun san yadda ake cinikinsa: mutum yana tsaye cikin hayaniya, babura na wucewa, ya saƙala a kunne na ɗan lokaci, in ya ji dum-dum sai ya ce mai kyau ne, ya biya. Don haka sai suka kumbura ƙasa, suka wasa sama, tsakiya kuwa aka bar ta a rame.

Waƙar situdiyo ba ta yi asara da wannan ba. Sa "Jaruma" ta Hamisu Breaker, wadda ta mamaye ko'ina a 2020, za ka ji ta zauna daram, domin da fiyano da kwamfuta aka gina ta, kuma wanda ya haɗa sautin ya san a waya za a ji ta. To amma sa Bakandamiya. Kalangu ganga ce mai magana. Makaɗi na matse igiyoyinta a hammata, amon ya hau, ya sassauta, amon ya sauko, kamar yadda harshenmu ke hawa da sauka. Wannan lanƙwasar a tsakiya take. In aka rame tsakiya, abin da ke isowa kunne shi ne bugun kawai, maganar ta zube a hanya. 'Yan amshi su koma kamar suna can bayan katanga, shi kansa Shata muryarsa ta rasa wannan gurnanin da ke sa a san Duna ne ya iso. Kuntigin Ɗanmaraya ya fi shan wahala: tsirkiya ɗaya ce a kan ɗan ƙaramin gwangwani da aka rufe da fata, ba shi da wani kauri da za a kumbura, sai tsinin sama ya yi ta sukar kunne. Yaron da bai taɓa jin kuntigi ba sai ta wannan hanya, in ya ce gwangwani ne, ai bai yi ƙarya ba.

Ban ce iyafis ne kaɗai mai laifi ba. Shata ya rasu a 1999, yawancin abin da ke yawo a wayoyinmu daga tsofaffin kaset aka kwafo, aka matse, aka tura daga wannan memori zuwa wancan. Iyafis mai kyau ba ya gyara wannan, har ma tona asiri yake, ka ji shuuu ɗin kaset ɗin ƙarara. Duk da haka na fi son in ji shuuu tare da kalangu cikakke. Dattawan da suka saurari waɗannan waƙoƙi a Rediyon Garwa da ƙaramar rediyo mai batir sun fi mu morewa, don ita ƙaramar rediyo ba ta da komai sai tsakiya.

Sai batun zama a kunne, wanda ba a rubuta shi a jikin kwali. Masu ƙera abin nan da alama ba su san watan Afrilu a bakin kogin Logon ba, lokacin da zafi ke haura digiri 40. Mai robar baki, wanda ke shiga can ciki, shi ya fi fitar da sauti, amma kafin a yi awa guda gumi ya taru, kunne ya fara ƙaiƙayi, robar ta soma sulɓewa. Da zarar ta sulɓe iska ta shiga, kaurin ya gudu, mutum ya ƙara murya yana zaton abin ne ya lalace. Shi ya sa ake zuwa da roba kashi uku, babba da matsakaiciya da ƙarama, mu kuwa sai mu yar da biyun tare da leda. Wanda ba shi da roba, mai busasshen kai, ya fi sakin kunne ya sha iska, sai dai a kan babur ba ka jin komai sai guguwa. In hunturu ya zo kuma, ƙura da dattin kunne su toshe 'yar ragar bakin, ɓangare ɗaya ya dushe.

Wani abin ban dariya: abokai biyu su raba iyafis ɗaya, kowa kunne guda. Da tsohuwar waƙar Shata babu asara, abin da ke dama shi ke hagu. Amma a sa Faadah Kawtal na Isnebo, mutanen Garwa, mai yiwuwa wani kayan kiɗan ya tafi wajen abokinka kai ba ka san da shi ba.

Marasa igiya, da suka yaɗu tun da Apple ya fitar da AirPods a 2016, ba su burge ni ba a wannan gari. Na jabu sun yi yawa, suna son caji a inda wuta ke zuwa yadda ta ga dama, kuma in ɗaya ya faɗi cikin rairayi shi ke nan. Da kuɗi ɗaya, mai igiya ya fi ba da sauti na gaskiya.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙarar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa fiye da biliyan 1 na cikin haɗarin rasa ji saboda yadda suke sauraro, ta kuma sa iyaka ga babba: ma'aunin ƙara 80, awa 40 a mako. A layin manyan motocin da ke jiran haura gada, yaro zai ƙure murya don ya danne ƙugin inji. A yi masa sallama bai ji ba, a yi masa hon bai ji ba. Jin da ya mutu ta wannan hanya ba ya dawowa.

In za ka saya, ɗan'uwa, kada ka bari mai tebur ya zaɓa maka waƙar gwaji. Je da Bakandamiya a wayarka, ka rage murya zuwa rabi, ka gwada robar da ta cika kunnenka ba tare da ta matse ba. Ka saurara ko kana iya rarrabe kalangu ɗaya da ɗan'uwansa, ko kana jin inda amon ya lanƙwasa ya dawo. In ba ka ji ba, ajiye masa ka ɗauki na gaba.