Sulhun Indiya da Pakistan a Madubin Adabi: Nazarin Fim ɗin Veer-Zaara da Labarin Toba Tek Singh

1.0 Gabatarwa

Da wuya a sami al'ummar da ta riƙi finafinan Indiya hannu bibbiyu a nahiyar Afirka kamar Hausawa. Sai dai yawancin masu kallo sukan tsaya ga soyayya da waƙa da rawa, ba su cika lura da cewa wasu finafinan suna ɗauke da wani tsohon miki na ƙasar da ta haife su ba, wato rabuwar Indiya da Pakistan a shekarar 1947. Wannan maƙala za ta ɗora ayyuka biyu a kan faifan nazari: fim ɗin Veer-Zaara na Yash Chopra (2004), da gajeren labarin Toba Tek Singh wanda Sa'adat Hasan Manto ya rubuta da harshen Urdu, aka buga shi a 1955. Tambayar da za a bi diddiginta ita ce: wane irin sulhu kowannensu ya nuna, kuma wanne ne zai iya ɗaukar nauyin abin da ya faru?

2.0 Tushen Al'amarin

A ranakun 14 da 15 ga Agusta, 1947, Turawan Ingila suka miƙa mulki ga ƙasashe biyu maimakon ɗaya. Wanda aka ɗora wa aikin shata iyaka wani lauya ne mai suna Cyril Radcliffe, wanda bai taɓa taka ƙasar ba kafin nan, kuma makonni biyar kacal ya samu ya tsaga lardunan Panjab da Bengal gida biyu. Ba a bayyana layin da ya ja ba sai ranar 17 ga wata, bayan an riga an yi bikin 'yancin kai. Saboda haka dubban garuruwa sun kwana biyu ba su san ƙasar da suke ciki ba. Kimanin mutum miliyan 15 suka bar gidajensu, Musulmi suka nufi Pakistan, mabiya addinin Hindu da na Sikh suka nufi Indiya. Ƙiyasin waɗanda suka mutu ya kama daga dubu ɗari biyu har zuwa miliyan biyu. An kuma ƙiyasta cewa an sace mata kimanin 75,000 daga ɓangarorin duka.

Tun daga lokacin ƙasashen biyu suke tufka da warwara. Sun gwabza yaƙi a 1947 zuwa 1948, da 1965, da 1971, da kuma 1999 a tsaunukan Kargil. Sun kuma zauna teburin sulhu a Tashkent a 1966, da Simla a 1972, da Lahore a Fabrairun 1999, lokacin da Firayim Minista Vajpayee ya ƙetara iyaka a cikin motar safa. A wannan ƙasa ce ayyukan biyu suka tsiro.

Akwai abin lura game da masu ayyukan. An haifi Chopra a Lahore a 1932, ya yi rayuwarsa ta sana'a a Bombay. Shi kuwa Manto a Bombay yake rubuta labaran fim, ya bar ta ya koma Lahore a farkon 1948, inda ya rasu a 1955 yana ɗan shekara 42. Wato kowannensu ya ƙare a garin da ɗayan ya baro.

3.0 Veer-Zaara: Jigo da Warwararsa

Babban jigon fim ɗin shi ne sadaukarwa domin ƙauna, ƙaramin jigonsa kuwa zumunci tsakanin maƙwabta. Zaara 'yar wani babban ɗan siyasa ce a Lahore. Ta ƙetaro Indiya domin cika wasiyyar tsohuwar da ta rene ta, wata mabiyar addinin Sikh, wadda ta roƙi a kai tokar gawarta Kiratpur. Motarsu ta yi hatsari, Veer, matuƙin jirgin ceto na sojan saman Indiya, ya tsamo ta, ya kai ta ƙauyensu, suka shaƙu. Amma an riga an yi mata baiko da Raza. Veer ya ajiye aikinsa ya bi ta Lahore, mahaifiyarta ta roƙe shi ya janye saboda martabar gidansu, ya janye. Duk da haka Raza ya sa aka kama shi da sunan ɗan leƙen asiri, aka laƙaba masa sunan da ba nasa ba. Ya yi shekara 22 a kurkuku bai buɗe baki ba don kada sunan Zaara ya ɓaci, har wata matashiyar lauya 'yar Pakistan, Saamiya Siddiqui, ta ɗauki shari'arsa. Da ta je ƙauyensa neman shaida, sai ta tarar da Zaara can tana riƙe da makarantar 'yan mata.

3.1 Inda Fim ɗin ya yi Rawar Gani

Dole a yaba wa Chopra a kan abubuwa uku. Na farko, zubi da tsarin labarin. An faro shi daga kurkuku, ana waiwaye ta bakin fursuna yana ba lauya labari. Wannan ya sa mai sauraron farko ta zama 'yar Pakistan, kuma mai kallo yana jin labarin ne ta kunnenta. A masana'antar da ta fitar da Border (1997) da Gadar (2001), inda ɗan Pakistan yakan fito a matsayin abokin gaba, wannan ba ƙaramar jarunta ba ce.

Na biyu, musayar wuri. Veer ya tsufa a ƙasar Zaara yana tsare mutuncinta, ita kuma ta tsufa a ƙauyensa tana cika burin iyayen da suka riƙe shi. Kowannensu ya biya bashin ɗayan ba tare da ya san ɗayan na biyan nasa ba. Wannan dabara ce mai kyau, domin ta nuna cewa amana tana iya tafiya ta hanyoyi biyu.

Na uku, salon alamtarwa. Lambar fursunan 786 ce, lambar da Musulmin wannan yanki suke ɗauka a matsayin lissafin Basmala. Kiɗan fim ɗin ma tsofaffin karin sauti ne da Madan Mohan ya bari bai yi amfani da su ba kafin rasuwarsa a 1975, aka tono su aka raya. Sautin da ya daɗe a ajiye ya dace da labarin mutumin da ya daɗe a kulle.

3.2 Inda ya Gaza

Rauninsa na farko shi ne yadda ya taƙaita laifi. Rikicin da ya ci rayukan dubban ɗaruruwa an tattara shi an ɗora a wuyan mutum ɗaya, wato Raza mai kishi. Idan mugu ɗaya ne, kawar da shi ya isa. Amma waɗanda suka tare jiragen ƙasa a Panjab a 1947 suka karkashe fasinjoji ba baƙi ba ne, mutanen gari ne da aka ci aka sha tare da su. Fim ɗin da ya wuce sa'a uku bai ba wannan gaskiya ko fitowa ɗaya ba. Ba kuma rashin sani ya jawo haka ba, domin Chopra ne ya yi Dharmputra a 1961, inda ɗan da Musulma ta haifa, 'yan Hindu suka rene shi, ya tashi yana ƙin Musulmi. Ya san mikin, ya zaɓi ya rufe shi da alharini.

Na biyu, neman gafara ta gefe guda ce. A ƙarshen shari'a alƙali ya nemi afuwar Veer a madadin Pakistan. Wannan fitowa tana taɓa zuciya, amma mai nazari zai tambaya: ina laifin Indiya? Ƙauyen Veer gonaki ne kore shar da biki da dariya, Lahore kuwa manyan soraye ne da siyasa da kurkuku. Sulhun da ɓangare ɗaya kawai yake durƙusawa sunansa nasara, ko da an yi ta da murmushi.

Na uku, batun addini, wanda shi ne ya raba ƙasar. Zaara Musulma ce, Veer ba Musulmi ba ne. Duk Bahaushen da ya kalli fim ɗin ya san matsayin irin wannan aure a shari'a, haka ma ɗan Lahore. Amma fim ɗin ya mayar da cikas ɗin ya zama alkawarin baiko da lissafin siyasa, ya zagaye ainihin tambayar. Ga kuma wata al'ada da ta zama jiki a irin waɗannan finafinai: Indiya takan fito a namiji, Pakistan a mace. Haka yake a Henna (1991), inda budurwar ta rasa ranta wajen mayar da baƙonta gida, haka a Gadar, haka a Bajrangi Bhaijaan (2015), inda Pakistan ta zama ƙaramar yarinya bebiya da ake goyo a kai ta gida. A ƙasar da gwamnatoci suka yi shekaru suna musayar matan da aka sace, wasu ma ba da son ransu ba bayan sun haihu a gidajen da aka kai su, bai kamata a ɗauki wannan siffantawa da wasa ba.

4.0 Toba Tek Singh: Hankali a Gidan Mahaukata

Labarin Manto bai wuce 'yan shafuka ba. Shekara biyu ko uku bayan rabuwa, gwamnatocin biyu suka shirya musayar mahaukata kamar yadda suka yi musayar fursunoni. Labari ya isa asibitin mahaukata na Lahore, kowa ya ruɗe. Wani ya haye bishiya ya ce can zai zauna, ba ya son ko ɗaya daga ƙasashen biyu. Wani ya ce shi ne Jinnah. Tauraron labarin, Bishan Singh, tsoho ne mabiyin addinin Sikh da ya yi shekara 15 a tsaye bai kwanta ba. Tambayarsa ɗaya ce: garinsu Toba Tek Singh, a wace ƙasa yake? Ba wanda ya iya ba shi amsa. Ranar musaya, a kan iyakar Wagah, wani jami'i ya shaida masa garin yana Pakistan, alhali shi Indiya za a kai shi. Ya ƙi motsawa. Da asuba aka ji ya kurma ihu, ya faɗi rubda-ciki a ɗan filin da ke tsakanin shingayen waya biyu.

Salon Manto gatse ne da ba'a, cikin harshe mai sanyi kamar na mai karanta rahoto. Bai zagi kowa ba, bai yi wa kowa wa'azi ba. Ya dai jera maganar mahaukata kusa da shawarar masu mulki, ya bar mai karatu ya auna. Tambayar Bishan Singh ita ce tambayar da masu hankali suka yi a ranakun 15 da 16 ga Agusta, kafin a bayyana layin Radcliffe. Garin kuwa na gaske ne, yana nan a Panjab ta Pakistan, yana ɗauke da sunan mutumin Sikh har yau.

A ganina, zuciyar labarin tana wurin ziyarar Fazal Din, wani Musulmi abokin Bishan Singh daga garinsu. Ya zo ya shaida masa cewa iyalinsa sun ƙetara lafiya, kuma ya taimaka iyakar iyawarsa. Ya ba da saƙon gaisuwa ga 'yan'uwansa, har da labarin dabbobin da suka bari, wadda ta haihu da wadda ɗanta ya mutu. Amma da ya zo kan Roop Kaur, 'yar Bishan Singh, sai harshensa ya sarƙe kafin ya ce ita ma tana lafiya. Manto bai faɗi abin da ya same ta ba. Wannan 'yar in'ina ta ɗauki nauyin matan nan 75,000 fiye da duk hawayen Veer-Zaara. Ga maƙwabci mai alheri, mai riƙon amana, wanda kuma ya san abin da mutanensa suka aikata, kunya ta hana shi faɗa. Daga irin wannan mutum sulhu yake farawa.

Labarin ma yana da nasa gibi. Bai buɗe wata ƙofa ba. Wanda ya ƙi yarda da rabuwa makomarsa mutuwa, waɗanda suka rayu kuwa an tura su cikin motoci. Al'ummar da za ta ci gaba da zama kusa da juna tana bukatar abin da ya wuce makoki.

5.0 Kwatanci

Ayyukan biyu sun ƙare a wuri ɗaya, wato Wagah. Veer da Zaara sun taka sun wuce, Bishan Singh ya faɗi a tsakani. Tarihi ya gwada su duka. Veer-Zaara ya fito ne a lokacin sassauci, bayan tsagaita wuta ta Nuwamban 2003 da ziyarar 'yan wasan kurket na Indiya zuwa Pakistan a 2004. Bayan haka aka sa bam a jirgin ƙasan Samjhauta a 2007, mutum 68 suka mutu, aka kai harin Mumbai a 2008, aka dakatar da jirgin a 2019. A Afrilun 2025, bayan harin Pahalgam, Indiya ta jingine yarjejeniyar ruwan Kogin Indus ta 1960, wadda ta tsallake yaƙe-yaƙen baya, a watan Mayu kuma aka yi kwana huɗu ana musayar wuta. Duk wannan ya gaskata Manto. Sai dai a Nuwamban 2019 an buɗe hanyar Kartarpur domin mabiya Sikh su ziyarci wurin da Guru Nanak ya ƙare rayuwarsa a cikin Pakistan ba tare da biza ba. Wasiyyar tsohuwar da ta reni Zaara irin wannan ƙishirwa ce, kuma Chopra ya gane ta.

6.0 Kammalawa

An ga yadda Veer-Zaara ya ba da fata amma ya sauƙaƙa laifi, da yadda Toba Tek Singh ya faɗi gaskiya amma ya hana fata. Idan aka auna su da ma'aunin adabi, na Manto ya fi nauyi, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Amma fim ɗin ya isa inda labarin bai isa ba, ya sa miliyoyin mutane sun zubar da hawaye saboda wanda aka koya musu ƙi.

Marubutanmu masu tasowa, waɗanda su ma suka gaji garuruwan da rikicin addini ya raba unguwanninsu, suna da abin ɗauka a nan. Sauƙin aiki shi ne a ƙirƙiro mugu ɗaya, a kashe shi, a ɗaura aure. Aikin da ya fi wuya, wanda kuma ya fi amfani, shi ne a rubuta Fazal Din, a kuma ba shi ƙarfin halin ƙarasa maganar da ta maƙale masa a maƙogwaro.