3.4 Sharhi a Kan Ma'anar Kalmar "Mot" a Ibrananci

A wannan sashe za a duba kalmar Ibrananci "mot", wadda ake rubutawa da baƙaƙe uku: mem, waw da tet. An zaɓe ta ne domin tana nuna irin tarkon da mai fassara kan faɗa idan ya dogara da asalin kalma ya manta da muhallinta. Ƙamus ɗin Brown da Driver da Briggs na 1906 ya ba sunan ma'anoni uku: girgiza, sandar ɗaukar kaya, da itacen karkiya. Daga nan ne wasu masu sharhi suka ɗauka cewa an kira sandar haka ne saboda tana rangaji idan an ɗora mata kaya, don haka duk inda kalmar ta fito akwai ƙanshin girgiza a ciki. Wannan ra'ayi ne za a auna.

Da farko, a matsayinta na aikatau, kalmar tana nufin rasa madogara, wato abu ya yi tangal-tangal har ya kusa faɗuwa. A Zabura 46 an yi amfani da ita ga duwatsu da mulkoki masu rushewa, da kuma birnin Allah wanda ba zai gusa ba. A Ishaya 40:20 da 41:7 an yi wa masu ƙera gumaka ba'a, domin sai sun kafa gunki da kyau kada ya tuntsure. A Littafin Firistoci 25:35 kuwa, hannun mutum ne ya yi wannan tangal-tangal, ma'ana talauci ya kama shi. Ke nan ba kaɗawar ganye ko rawar sanyi ake nufi ba.

Na biyu, a matsayinta na suna, kalmar ta fito a Littafin Ƙidaya 13:23, inda 'yan leƙen asirin da Musa ya aika suka yanko nonon inabi a kwarin Eshkol, mutum biyu suka ratayo shi a sanda. A nan ra'ayin rangaji yana da ɗan ƙarfi, domin duk wanda ya ga ɗan garuwa ya san sanda tana lanƙwasa a ƙarƙashin nauyi. To amma a Ƙidaya 4:10 da 4:12, a kan "mot" ake ɗora alkukin fitilu da kayan hidimar Wuri Mai Tsarki bayan an naɗe su. A babin nan kuma, sandunan akwatin alkawari da na tebur da na bagadai wata kalma ce daban, wato "baddim", waɗanda ake zurawa cikin zobba. Alkuki ba shi da zobba, shi ya sa wasu masana suke ganin "mot" a nan wani abin ɗauka ne kamar makara. Abin da ake bukata gare shi shi ne ya riƙe kaya masu tsarki daram.

Na uku, akwai siffar tamata, "mota", wadda galibi take nufin itacen karkiya. A Irmiya 27 da 28, Annabi Irmiya ya rataya karkiyar itace a wuyansa don nuna mulkin Nebukadnesar, Hananiya ya cire ta ya karya, sai saƙo ya zo cewa ta ƙarfe ce za ta maye gurbinta. Ƙarfin wannan hoto yana cikin taurin ƙarfe da nauyinsa. Wanda ya cusa girgiza a nan ya ɓata saƙon gaba ɗaya. Haka kuma a 1 Tarihi 15:15, jam'in wannan kalma ne aka kira sandunan da Lawiyawa suka ɗauki akwatin alkawari da su, alhali Fitowa 25 ta kira su "baddim". Wannan ya nuna cewa a wurin marubucin Tarihi, kalmar sanda ce kawai.

Bisa ga waɗannan misalai, nazarin nan ya goyi bayan James Barr, wanda a littafinsa na 1961 ya yi gargaɗi cewa tarihin kalma daban, ma'anarta a jimla daban. Ba a musanta cewa sunan da aikatau suna iya fitowa daga tushe guda ba. Abin da ake musantawa shi ne a mai da tushen ya zama ma'ana. Ko a Hausa, "ɗan sanda" daga sanda ya samo suna, amma wanda aka yi wa sata ba ya tunanin itace idan ya tafi kai ƙara.

A taƙaice, bai kamata mai fassara zuwa Hausa ya nemi kalma ɗaya tilo ba. Inda ƙafa ce, zamewa ta dace. Inda dutse ko mulki ne, jijjiga ko rushewa. A Eshkol, sanda. A Irmiya, karkiya. Sashe na gaba zai gwada wannan ma'auni a kan kalmar "baddim".